Iya Bakinka: Tarihin Wasan Barkwancin "Mind Your Language" da Rigimar da Ya Haifar

1.0 Gabatarwa

A ranar 30 ga watan Disamba na shekarar 1977 ne tashar talabijin ta ITV da ke Birtaniya ta fara nuna wani wasan kwaikwayo na barkwanci mai suna "Mind Your Language". Labari ne na wani matashin malami da ke koyar da Turanci ga baƙin haure da ƴan ci-rani a wata makarantar manya ta dare a birnin Landan. Shekara biyu kacal ya yi, sai kamfanin da ya shirya shi ya dakatar da shi, alhali miliyoyin mutane na kallonsa. Hujjar da aka bayar ita ce wasan yana muzanta baƙi. Abin mamaki shi ne, a ƙasashen Asiya da Afirka, inda aka yi zaton za a fi jin haushinsa, nan ne ya fi samun karɓuwa, har aka riƙa kwaikwayonsa da harsunan gida.

Wannan maƙala za ta bibiyi tarihin wasan domin amsa tambaya ɗaya: yaya aka yi abu guda ya zama abin kunya a gidansu, ya kuma zama abin so a waje? Tambayar ta shafi ɗalibin Hausa kai tsaye, domin kwaikwayon maganar baƙo tsohon makami ne a adabin barkwancin Bahaushe, kuma duk mai koyon harshe ya san raɗaɗin a yi masa dariya.

Sunan wasan kansa harshen damo gare shi. A maganar Turawan Ingila, gargaɗi ne da ake yi wa wanda ya saki baki, kamar dai Bahaushe ya ce "iya bakinka". Amma kuma ana iya fahimtarsa da ma'anar "kula da harshen da kake koyo". Ma'anar farko ce ta juyo kan masu wasan daga baya.

2.0 Ingila a Lokacin da Aka Shirya Wasan

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, Birtaniya ta buƙaci ma'aikata, sai mutane suka yi ta kwarara daga tsibiran Karibiyan da Indiya da Pakistan. Ba a daɗe ba sai hukuma ta fara tsuke ƙofa da dokokin shige da fice na 1962 da 1968 da 1971. A 1972 Idi Amin ya kori mutanen Asiya daga Yuganda, kimanin 28,000 daga cikinsu suka sauka a Birtaniya. A farkon 1973 kuma ƙasar ta shiga Tarayyar Kasuwancin Turai. Ajin da wasan ya nuna, mai cakuɗe da ƴan Asiya da ƴan Turai, hoton waɗannan abubuwa biyu ne.

Zaman bai kasance na lumana ba. A watan Afrilu na 1968 ɗan majalisa Enoch Powell ya yi jawabinsa na ƙyamar baƙi a Bamingaham, wanda ya jawo masa kora daga cikin shugabannin jam'iyyarsa amma ya ƙara masa farin jini a titi. A watan Agusta na 1977, wata huɗu kafin fara wasan, an gwabza a unguwar Lewisham tsakanin ƴan jam'iyyar National Front masu ƙin baƙi da masu adawa da su. A Janairun 1978, lokacin da zangon farko ke kan nunawa, Margaret Thatcher ta faɗa a talabijin cewa jama'a na tsoron mutane masu wata al'ada daban su mamaye ƙasar. A Afrilun 1979 aka kashe wani malamin makaranta, Blair Peach, a zanga-zangar unguwar Southall. A ɗaya ɓangaren, majalisa ta zartar da dokar hana wariyar launin fata ta 1976, aka kuma kafa hukumar daidaito tsakanin ƙabilu a shekarar da ta biyo.

Talabijin ɗin wancan zamani ya saba da yin dariya da launin fata. Tun daga 1958 har zuwa 1978 gidan BBC yana nuna "The Black and White Minstrel Show", inda Turawa ke shafa baƙi a fuska suna rawa da waƙa. A 1969 an yi "Curry and Chips", inda ɗan wasa Spike Milligan ya shafa launi ya fito a matsayin ɗan Pakistan. Kashi shida kawai aka nuna aka tsayar da shi. Shi kansa marubucin "Mind Your Language", wato Vince Powell, yana cikin waɗanda suka ƙirƙiro "Love Thy Neighbour" da aka nuna daga 1972 zuwa 1976, labarin wani Bature da maƙwabcinsa baƙar fata da ba su da aiki sai jifan juna da sunayen banza.

Ta fuskar makaranta ma wasan yana da magabata. "Whack-O!" na BBC, wanda aka fara a 1956, ya nuna shugaban makaranta mai son bulala da kuɗi. "Please Sir!" kuma, daga 1968 zuwa 1972, labarin sabon malami ne da aka jefa cikin ajin kangararrun yara. Kamfanin London Weekend Television da ya yi "Please Sir!" shi ne ya yi "Mind Your Language". Wato an ɗauko tsohon ƙwarangwal ne, malami mai sanyin hali da ajin da ya fi ƙarfinsa, aka cire yara aka zuba baƙi.

3.0 Zubin Wasan da Taurarinsa

Malamin shi ne Jeremy Brown, wanda Barry Evans ya fito a matsayinsa. A kansa akwai shugabar makaranta, Miss Courtney, mace mai tsanani wadda tun ranar farko ta nuna masa cewa malama mace ta so a turo mata. Akwai kuma Sid mai kula da ginin makaranta, da Gladys mai sayar da shayi. Ɗalibai goma ne a zangon farko, kowane an rataya masa hali guda da lafazi guda.

Ali Nadim ɗan Pakistan ne, Musulmi, wanda in zai ce "excuse me" sai ya ce "squeeze me", neman gafara ya koma neman a matse shi. Ranjeet Singh mabiyin addinin Sikh ne daga Panjab, ma'aikacin jirgin ƙarƙashin ƙasa, kullum yana haɗa hannu yana ba da haƙuri sau dubu. Jamila Ranjha matar aure ce ƴar Indiya, tana zaune a baya tana saƙa. Chung Su-Lee sakatariya ce a ofishin jakadancin Sin, kowace tambaya aka yi mata sai ta zaro ƙaramin jan littafin Shugaba Mao. Taro Nagazumi wakilin kamfanin kayan lantarki ne daga Japan, ba ya magana sai ya rusuna. Daga Turai akwai Giovanni ɗan Italiya mai dafa abinci, da Max ɗan Girka, da Juan ɗan Sifen mai aiki a mashaya, da Anna ƴar Jamus mai murtuke fuska, da Danielle ƴar Faransa wadda mazan ajin ke rububi a kanta. A zango na biyu aka ƙaro Ingrid ƴar Suwidin da Zoltan ɗan Hangari.

Rigingimun ajin ba daga iska aka ɗauko su ba. Faɗan Ali da Ranjeet inuwar raba Panjab ce a 1947, lokacin da aka yi asarar rayuka masu ɗimbin yawa. Tsamar Su-Lee da Taro kuma tana komawa ga yaƙin Sin da Japan na 1937 zuwa 1945. Wasan ya mayar da waɗannan manyan raunuka cacar baki ta minti biyu wadda malami ke kashewa da tsawa ɗaya.

Akwai wani abin lura game da ƴan wasan. Ba a shafa wa Bature launi ba kamar yadda aka yi a baya, kuma wannan ci gaba ne a ma'aunin lokacin. Sai dai da yawansu ba ƴan ƙasar da suka wakilta ba ne. Dino Shafeek da ya fito a Ali haifaffen Dhaka ne, birnin da ya ɓalle daga Pakistan da yaƙi a 1971. Albert Moses da ya fito a Ranjeet ɗan Siri Lanka ne. Kevork Malikyan da ya fito a Bagirke ɗan ƙabilar Armeniya ne haifaffen Turkiyya. Pik-Sen Lim ƴar Maleshiya ce, Françoise Pascal kuwa a tsibirin Morishas aka haife ta. Abin da suka kwaikwaya shi ne yadda kunnen Baturen Ingila ke jin maganar baƙi.

Babu ɗan Afirka a cikin ɗaliban. Amma a kashi na biyu, wani baƙar fata ya shigo ajin, Malam Brown ya ɗauka sabon ɗalibi ne daga Afirka, ya ba shi wurin zama, ashe sufeton ilimi ne da ya zo duba aikinsa. Ɗan wasan Gana, Gyearbuor Asante, shi ya fito a wannan matsayi. A nan dariyar ta faɗa kan malamin da zatonsa, kuma masu kare wasan sukan kafa hujja da irin wannan fitowa.

4.0 Kurakuran Harshe: Na Gaskiya da Na Ƙirƙira

Ga mai nazarin harshe, wannan ne sashen da ya fi amfani. Wasu daga cikin kurakuran ɗaliban suna da tushe a abin da masana ke kira katsalandan ɗin harshen uwa, wato mai koyo ya ɗora ƙa'idojin harshensa a kan sabon harshe. Anna tana rikita sautin "w" da "v" domin a Jamusanci harafin "w" da sautin "v" ake furta shi. Taro yana liƙa wasali a ƙarshen kalma domin gaɓar Japananci yawanci da wasali take ƙarewa. Hausa ma haka take yi wa kalmomin aro: daga Turanci aka sami "bokiti" da "burodi" da "asibiti", inda aka cusa wasula domin raba baƙaƙen da suka cunkushe. Daga Faransanci kuma Hausar Nijar ta sami "lakwal" da "mushe". Da yake Hausa ba ta bambanta "p" da "f", sai aka sami "fasinja" da "fensir", kuma da wannan ne masu barkwanci a kudancin Nijeriya suke kwaikwayon Turancin Bahaushe.

Wasu kurakuran kuwa an ƙara musu gishiri, ko an ɗora su inda ba gurbinsu ba. Taro yana ƙara "o" a kusan kowace kalma, abin da ya wuce yadda Japanawa ke yi. Su-Lee tana mayar da kowane "r" ya koma "l", alhali Sinancin Beijin yana da "l" yana kuma da nasa nau'in "r". An dai ɗauko abin da aka saba jingina wa mutanen gabashin Asiya baki ɗaya aka yafa mata.

Wasan bai bar Turancin kansa ba. Sid mai kula da gini yana magana da karin talakawan gabashin Landan, wanda ke da wani salo mai kama da zaurance, inda ake musanya kalma da wata jimla mai amsa-amo da ita, kamar a ce "plates of meat" ana nufin "feet". Ɗaliban da suka sha wahalar koyon Turancin littafi sai su tarar ɗan ƙasa ma ba shi yake yi ba. Haka nan yawancin dariyar tana fitowa ne daga karin maganar Turanci da ɗalibai ke ɗauka a zahirinsu, da kalmomi masu sauti ɗaya ma'ana daban. Mai koyon Hausa ya san irin wannan tarko: "gari" na zama da "gari" na tuwo, "kuka" ta miya da "kuka" na hawaye, ko wanda bai iya lanƙwasa harshe ba ya ce "kafa" yana nufin "ƙafa".

Babban abin da ya kamata a lura da shi shi ne ɗaliban ba sa ci gaba. A ƙarshen zangon farko sun zauna jarrabawa, a farkon na biyu aka ga duk sun faɗi sun dawo aji. Dalilin a fili yake: ranar da Ali ya iya Turanci, ranar wasa ya ƙare. Amma saƙon da ke ƙarƙashin wannan zubi yana da nauyi. Baƙo yana nan a baƙonsa har abada, kuskurensa ya zama halittarsa, ba matakin da zai wuce ba. A zahiri kuwa dubban ƴan ci-rani sun koyi harshen a irin waɗannan azuzuwa na dare, ƴaƴansu kuma suka tashi da shi a matsayin harshen farko.

5.0 Dakatarwa

An nuna zango uku, kashi 29, daga Disambar 1977 zuwa Disambar 1979, kuma an ruwaito cewa masu kallo sun kai kimanin miliyan 18. Michael Grade, babban jami'in shirye-shirye a London Weekend Television, shi ne ya amince a yi wasan, shi ne kuma ya dakatar da shi, bisa ganin cewa yadda ake siffanta ƙabilu a ciki cin fuska ne.

Masu suka sun tsaya a kan abu uku. Na farko, a lokacin ba kasafai ake ganin ɗan Asiya a talabijin ba, don haka ɗan abin da aka nuna shi ke zama hoton al'umma gaba ɗaya. Na biyu, kalmomin da aka yi dariya da su daren Juma'a ko Asabar su ne yara ke jifan ƴaƴan baƙi da su a filin makaranta. Na uku, yadda aka nuna Danielle da Ingrid a matsayin abin sha'awar maza kawai. Masu kariya kuma suka ce babu mugu a cikin ɗaliban, suna son malaminsu, suna taimakon juna in wani ya shiga matsala, kuma wasan ya ba ƴan wasa baƙi aikin da ba su samu a wani wuri.

Iskar ma ta riga ta juya. A 1979 aka buɗe dandalin Comedy Store a Landan, inda sababbin masu barkwanci suka yi watsi da ba'ar ƙabila da ta mata. A 1982 aka buɗe tashar Channel 4 da nufin ba marasa rinjaye murya, wadda daga baya ta nuna "Desmond's", labarin wani wanzami ɗan Gayana da iyalinsa, inda Gyearbuor Asante ya yi fice. A 1998 kuma "Goodness Gracious Me" ya zo talabijin ɗin BBC, inda ƴaƴan ƴan ci-ranin Indiya suka rubuta barkwancinsu da kansu, har suka juya madubin: a wata fitowa tasu, ƴan Indiya ne suka je gidan abincin Turawa suna kasa furta sunan ma'aikacin. Daga irin wannan sauyi ne kalmar Turanci "politically incorrect" ta yaɗu, wato maganar da ba ta kiyaye ladabin zamani game da ƙabila da addini da jinsi. A yau ita ake liƙa wa wasan duk lokacin da aka ambace shi.

6.0 Rayuwarsa ta Biyu a Ƙetare

An sayar da wasan ga ƙasashe da dama, ciki har da Indiya da Pakistan da Siri Lanka da Maleshiya da Singafo da Kenya da Gana da Nijeriya. Saboda wannan kasuwa ne aka farfaɗo da shi a tsakanin 1985 da 1986 da ƙarin kashi 13, jimilla 42. Wanda ya jagoranci shirya wannan zango na huɗu shi ne Albert Moses, wato Ranjeet da kansa. Dino Shafeek bai kai ga wannan ba, domin ya rasu a 1984.

Sannan aka shiga kwaikwayo. A Amurka an yi "What a Country!" daga 1986 zuwa 1987. A Indiya an yi "Zabaan Sambhalke" a 1993, inda Pankaj Kapur ya fito a matsayin malamin harshen Hindi. A Indonesiya an yi "Kelas Internasional" a 2015. A Nijeriya ana lissafa "Second Chance" na Turanci da "Jami'ar Albarkawa" na Hausa cikin waɗanda suka bi wannan zubi.

Me ya jawo wannan karɓuwa? Amsar tana ga mazaunin mai kallo. Baturen da ke kallo a Landan yana tsaye ne a gefen malami: harshen nasa ne, ƙasar tasa ce, waɗanda ke kuskure baƙinsa ne. Mai kallo a Kano ko Akara ko Kolambo kuwa a benci yake zaune tare da ɗalibai. Shi ma ya sha bulala a kan Turanci, shi ma karin maganar Turawa ta taɓa ɗaure masa kai. Dariyarsa ta wanda ya ga kansa ce, kuma idan ya fita waje ba wanda zai tare shi a titi ya ce ya koma ƙasarsu. Ƙari a kan haka, Turancin wasan mai sauƙi ne, ana maimaita shi, malami yana gyara kuskure a fili, don haka mutane da yawa suka ɗauke shi darasi.

7.0 Ma'aunin Taubasantaka

Al'adar Bahaushe tana da ma'aunin da zai taimaka wajen yanke hukunci. Akwai wasan barkwanci tsakanin Fulani da Barebari, da Gobirawa da Yarabawa, da Katsinawa da Nufawa, da Kanawa da Zagezagi. A 2014 hukumar UNESCO ta sanya wannan al'ada ta taubasantaka, kamar yadda ake yin ta a Nijar, cikin jerin al'adun gado na ɗan Adam. Maganganun da taubasai ke jifan juna da su sun fi na Ali da Ranjeet zafi, amma ba a faɗa. Dalili kuwa sharuɗɗa ne da kowa ya sani: ɓangarorin biyu sun yarda da wasan, kowa yana da damar ramawa, kuma akwai haƙƙin taimakon juna a bayan ba'ar.

In aka auna "Mind Your Language" da wannan ma'auni, za a ga a cikin aji akwai ramuwa, domin ɗalibai kan mayar wa juna martani, wani lokaci su kunyata malamin. A wajen aji ne ma'aunin ya karkace. Marubuci Bature ne, masu kamfani Turawa ne, mafi yawan masu kallo Turawa ne, kuma a 1977 ɗan Pakistan da ke Landan ba shi da wani dandali a talabijin da zai rama.

Wannan ma'auni yana aiki a gida. Kalmar "gwaranci", wadda ke nufin gurɓatacciyar magana, daga sunan wata al'umma aka ciro ta. Finafinan Hausa cike suke da ɗan wasan da ke fitowa a Bagware ko Inyamuri ko Bayarabe, yana mayar da namiji mace yana cewa "ta zo" a maimakon "ya zo". A gefe guda kuma akwai Samanja na marigayi Usman Baba Pategi, wanda ya gina barkwancinsa a kan Hausar bariki mai gauraye da Turanci. Shi tsohon soja ne, daga cikin gidan yake magana, kuma sojoji na cikin masu sonsa. Hausa a yankinmu ita ce babban harshen kasuwa da rediyo, wato sau da yawa Bahaushe ne ke tsaye a inda Malam Brown ya tsaya.

8.0 Kammalawa

Tarihin "Mind Your Language" ya nuna cewa ba a iya yanke wa barkwancin ƙabila hukunci daga kalmominsa kaɗai. Sai an duba wanda ya rubuta, da wanda ke dariya, da halin da wanda ake yi wa dariyar yake ciki idan an kashe talabijin. Michael Grade yana da hujja a Landan ta 1979, masu kallo a Legas da Delhi su ma ba su yi kuskure ba da suka so shi. Ga ɗalibin da zai nazarci wasan kwaikwayon Hausa, tambayoyi uku za su yi masa jagora a duk inda ya ga ana kwaikwayon maganar baƙo: shin kuskuren yana da tushe a harshen mutumin ko ƙaga shi aka yi, shin an bar shi ya rama, kuma shin labarin ya ba shi damar ya koya ya wuce wurin? Ga wanda kuma zai tsaya gaban aji yana koyar da Hausa ga waɗanda ba harshensu ba ne, tambaya ta ukun ce aikinsa na kullum.